Kwaltar Ƙofar Gida da Katangar Baffanku

Ni mahaifiyarku nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, babu wanda ya tsaya a kaina. Ƙafafu ne suka gaza, kai bai gaza ba. Likita ya faɗa mini abin da ya gani, jikina ma ya riga shi faɗa. Babba, Injiniya, da ke Auta, ku karanta tare, kuna zaune wuri guda.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa ku raba yadda addini ya tsara, ba ni da ta cewa. Keken ɗinkina na riga na ba Auta a gabanku. Amma hanyar kwaltar nan da ta taso daga bakin titi zuwa ƙofar falo, kada a ɗora mata igiyar awo. Ko hannun wa gidan ya faɗa, hanyar ta ku duka ce.

Babba ne kaɗai ya san yadda aka yi ta, ku biyun kuna makarantar kwana. Shekarar da jikin mahaifinku ya shanye, ruwa ya yi yawa, filin gaban gida ya zama taɓo, mota ba ta isowa ƙofa. Duk ranar asibiti sai ni da Babba mu cicciɓe shi har titi, taku arba'in. Wata safiya santsi ya kwashe mu, muka zube da shi cikin caɓi. Hawaye kawai na gani a idonsa. A makon na sayar da awarwarona na kira mai kwalta.

Mutumin ya san aikinsa. Ya kwashe taɓon, ya cike da jar ƙasa, ya shimfiɗa tsakuwa, motar daɓe ta yi ta bi har wuri ya zauna. Sai ya ce dole a ja lambatu ta hagu, in ba haka ba ruwa zai bi gangara ya kwanta a gindin katangar baffanku, ƙanen mahaifinku. Aikin zai ƙara mako biyu. Ni kuwa gaggawa ta rufe mini ido. Na ce ya zuba kwaltarsa kawai, ruwa ya san hanyarsa. Ya kuwa san ta.

Na biyu, kuma shi ne mafi nauyi. A damina ta uku katangar ta faɗi, ta danne ɗakin girkin matar baffanku. Allah ya tsare, ba kowa a ciki. Da ya zo, na ce masa gininsa ne na banza, alhali na san gaskiya. Ya ce, “Matar Yaya, ban zo neman komai ba. So nake kawai ki ce kin sani.” Na juya masa baya. Shekara tara ke nan, in ban da ranar rasuwar mahaifinku, bai sake taka kwaltar nan ba sai shekaranjiya. Ku kuma kuka ɗauki gabar kuka ɗora wa 'ya'yansa, ba ku san tushenta ba.

Shekaranjiya na sa mai aikina ta tura ni a keken marasa lafiya har ƙofarsa. Na faɗa masa na sani, tun ranar farko na sani. Ya ce ya yafe. Shi ya turo ni gida da kansa, yana mitar wai na yi nauyi. Nawa ya wuce, saura naku. Kafin ruwan bana ya sauka ku ja lambatun nan. Babba, kai za ka fara shiga gidansa da gaisuwa, ƙannenka na biye.

Na uku. Injiniya, kai da ba ka ganin abu ya lalace ka wuce, kula da hanyar na wuyanka. Tsaga ko kamar zare ce, ka cike ta tun da rani, domin ruwa in ya shiga ƙarƙashi, rami ne zai biyo baya. Ciyawar gefe a cire ta da saiwarta. Baƙin mai yana cin kwalta, saboda haka tsohuwar motarka mai yoyo ka nema mata wani wurin kwana. Bayan 'yan shekaru a sake shafe fuskarta.

Na huɗu. Tifar yashin da Babba ya shigo da ita bara har gefen hanya ya lotsa, na san har yau kuna harara a kanta. Babba ya yi kuskure, Injiniya ya yi masa rashin kunya a gaban matarsa. Kowa ya ba ɗan'uwansa haƙuri, a gyara wurin, a bar maganar. Kada ku yi irin tawa, ku bar ƙaramin abu ya tsufa a zuciya.

Auta, kada ki yi kuka mai yawa, yayyenki na nan.

Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku fiye da yadda kuka yi mini. Ku riƙa ziyartar juna ba sai da dalili ba, kuma kada 'ya'yanku su tashi sai an gabatar musu da juna.