Lasifika Huɗu, Lasifika Tara

Yelwa, Jalingo

Zuwa ga ƙanena Nathan,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da matarka Victoria da aikin shinkafa. Na zaɓi takarda domin a waya ba ka barina in kai ƙarshen zance.

Ranar godiya a majami'a kowa ya yaba wa ɗana Godwin. Ya sayo motoci biyu, iri ɗaya, launi ɗaya: ɗaya tawa ni da na haife shi, ɗaya taka kai da ka riƙe shi a Lau har ya gama sakandare. Fasto ya ce yaron bai nuna bambanci ba. Ni ma na tafa.

Amma ranar da ka rage mini hanya zuwa Abbare ka kunna rediyo, na ji abin da Fasto bai ji ba. Rabin rayuwata na yi ina koyar da mawaƙan majami'a, kuma kunnena bai yi ritaya tare da ni ba. A motarka ganga tana tasowa daga baya, muryoyi daga gaba, kowace a mazauninta. A tawa kuwa sai ka ce an kulle mawaƙa cikin garwa.

Na kai ta wurin Rufus mai gyaran wayar mota. Ya ce kamfanin aji uku yake fitar da ita. Ƙarama tana da lasifika huɗu, a ƙofofi kawai. Ta tsakiya shida, an ƙara ƙanana biyu kusa da gilashin gaba saboda siririyar murya. Babbar, wadda suke kira ful ofshan, tara, har da amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti a ƙarƙashin kujera, da ƙatuwar lasifika a but, da allo a gaba. Muka ƙirga nawa. Huɗu. Ko ta tsakiyar ban kai ba.

Ka ƙirga naka ka sanar da ni.

Yayanka,
Obadiya

*

Lau

Yaya Obadiya,

Mun gaishe ka da kyau. Muna lafiya, sai tsuntsaye da suka sa mu gaba a fadama.

Na ƙirga, tara ne. Da ba ka faɗa ba, har in mutu ban sani ba. Ni farashin taki nake saurare a rediyo, kuma ko da lasifika ɗari aka faɗe shi ba zai sauko ba. Wannan ƙatuwar ta but ma wurin buhu guda ta cinye mini.

Yaya, mota tana tafiya, tana da sanyi, me ya rage? Idan ƙara kake so, ka ce Rufus ya ɗaura maka biyar, ka kamo ni. Sai dai ina roƙonka kada ka kai wa Godwin wannan magana. Yaron ya wahala kafin ya tara abin da ya saye su.

Victoria ta ce ka rage gishiri.

Ƙanenka,
Nathan

*

Yelwa, Jalingo

Nathan,

Saƙonka ya iso, na gode da gaisuwa. Ka gode wa Victoria da kula da gishirina.

Kana magana kamar ƙara na rasa. Lasifikar kasuwa da Rufus zai huda ƙofa ya cusa daban take da wadda kamfani ya auna wa mota tun daga ƙira. Ko da ta fi taka daɗi, ni na saka, ba Godwin ba. Wanda ya tsaya gaban motoci biyu a Kwatano ya san babba, ya san ƙarama, ya kuma san wanda zai miƙa wa kowace. Na yi karatun kiɗa har Zariya. Kai ko taken ƙasa ka rera sai an tambayi wace waƙa ce. Duk da haka kai ne mai lasifika tara.

Ba yau aka fara ba. Kai yake kira Baba. Ni kuwa Baban Jalingo, kamar reshen banki. Gwamnati ta manta da ni, waɗanda na koyar suna wuce ni da gilashi a rufe, duk na haɗiye. Ban zaci gidana ma haka lissafin yake ba.

Ka ce bambancin ba komai ba ne a wurinka. To, mu gani. Ka ba Abbo direba motarka ya kawo mini, ya koma maka da tawa. Takardu a gyara daga baya.

Obadiya

*

Lau

Yaya,

Muna gaisuwa. Abbo ya dawo lafiya, ya ce ko ruwa ba ka ba shi ba, makulli kawai ka karɓa.

Da na tayar da motarka sai murya ta cika ta. Marigayiya matarka Dokas ce take jan waƙa, matan zumunta na majami'a suna amsawa. Ka manta faifanta a cikin rediyo. Victoria ta zauna a kujerar gaba ta yi kuka har waƙar ta ƙare, ta ce in sake.

Yanzu dole in karya alkawari. Tun kafin motocin su iso Godwin ya kira ni. Ya ce babbar ba ta da ramin faifai, allo ne kawai da ake haɗawa da waya, kuma ya san kai ba za ka yarda a tura muryar uwarsa cikin waya tare da hotunan biki ba. Ya ce ƙaramar kaɗai ke cin faifai, ya sha yawo kafin ya sami mai launi ɗaya da tawa. Ya ce tun da rediyon ɗakinka ya mutu ba ka da inda za ka ji ta, gara ka riƙa zama a mota da maraice kana ji. Ya hana ni faɗa maka, wai za ka ce tausayinka yake ji.

Gobe Abbo zai shigo Jalingo. Ka ce a mayar, a mayar. Ba wanda zai ji.

Ƙanenka,
Nathan

*

Yelwa, Jalingo

Nathan,

Ina amsa gaisuwa.

Na laluba gaban motar tun daga sitiyari har ƙofa. Babu ramin. Gaskiya ka faɗa.

Wato ya zauna ya yi tunanin maraicena da muryar uwarsa, sannan ya ɗauki waya ya gaya maka. Ni ya miƙo mini makulli a gaban jama'a ya ce, "Ga shi, Baban Jalingo."

Kada Abbo ya wahala. Ka riƙe motar, ka bar faifan a ciki, tun da a nan ba abin da zai karanta shi. Idan Godwin ya zo Kirsimeti, na san gidan da zai fara sauka. Ka kunna masa.

Ubangiji ya kiyaye ku.

Yayanka,
Obadiya