Ba Ɗawafi Na Je Yi Ba

Waziriyya, Jidda.

Zuwa ga yayata Indo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Malam da yara. Allah ya sa ciwon gwiwar nan ya sassauta, ya ƙara miki tsawon rai. Mu nan alhamdulillahi. Mastura tana fama da ɗinkinta, Layan ta shiga makaranta, ɗana Muath kuwa tunda ya ja mini wannan magana ko idona ba ya iya kallo. Na ba Zaharadden takardar nan ne da zai koma Kano bayan umra, don tun watan jiya wayata ba ta shiga wurinki, kuma na san ba lalacewa ta yi ba. An ce kin ga hoton bidiyona ina zagaya ɗakin gunki a Indiya, kin ce ke ba ki da ƙane a Jidda. Yaya, maganar nan ta yi mini ciwo ƙwarai. Ki ji yadda aka yi daga bakina, sannan ki yanke hukunci.

Kin tuna Rajan, Ba'indiyen nan mai walda da muke aiki tare a Khumra, wanda ya gyara miki akwati kafin ki tafi? Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya buge shi muna tsakiyar aiki. Da ya ɗan farfaɗo, likita ya ce ba zai hau jirgi ba sai da ɗan rakiya. 'Yan ƙasarsu kowa da uzurinsa, wannan iƙamarsa, wato takardar zama, ta mutu, wancan kafilinsa, wato ubangidan aikinsa, ya hana. Nawa kafilin ya yarda, na ce halas, shi ke nan, ni zan kai shi. Mutumin da muka yi shekara da shekaru muna cin abinci a faranti ɗaya, wanda da azumi ba ya ko shan ruwa a gabana, ai ba zan bari a tura shi kamar kaya ba.

Garinsu yana can kudancin ƙasar, duk kwakwa da ayaba. Uwarsa wata 'yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, ba ta kai kafaɗata ba. Da ta gan shi a keken marasa lafiya ba ta yi kuka ba, sai shafa masa kai take yi. Ashe ta yi alwashi cewa in ya dawo da rai, za ta kai shi wani tsohon ɗakin bautarsu a kan tudu, inda suke bauta wa wata da suke kira Amma, wato uwa. To wa zai tura keken? Ita ba ƙarfi, jikanta yaro ne siriri, hanyar kuma hawa ce. Na gaya wa Rajan a fili cewa zan kai shi, amma ba zan shiga ciki ba, ba zan sunkuya wa komai ba, kuma kada a shafa mini jan garin nan a goshi. Ya gaya mata, ta gyaɗa kai, ta ce ita ƙarfina take roƙo, addinina nawa ne.

Wurin tsoho ne ƙwarai. Dutsen da aka shimfiɗa a ƙasa ya sule saboda ƙafafun mutane, ko'ina ƙamshin kafur da furanni, ana ta kaɗa ƙararrawa, ana fasa kwakwa a bakin ƙofa. Kowa ba takalmi. Akwai hanya da ta kewaye ginin ta waje, ita masu ziyara suke bi. Kin san shekarun da na yi ina tura tsofaffi a Harami kafin in koyi walda. Wallahi ban yi wani tunani ba, ina kama keken sai ƙafata ta ɗauke ni yadda ta saba, na sa ginin a hagu na danna. Su kuwa a dama suke sa shi. Sai ga ni ni kaɗai, dogon baƙin mutum, na tunkari jama'a gaba da gaba, har ina cewa a ba da hanya da Larabci. Mata suka dare, wani dattijo ya ɗaga hannu yana faɗa. Tsohuwa ta rugo ta kama hannun keken, ta juya mu a hankali. Rajan, wanda tun da ya kwanta ban ga haƙoransa ba, ya yi ta dariya da rabin bakinsa har da hawaye, yana ce mini da guntun Larabcinsa nan fa ba Makka ba ce. Wannan ne jikan ya ɗauka a waya ya turo mini, Muath ya gani a wayata ya ba shi dariya, shashashan ya tura wa dangi ba tare da bayani ba.

Ba zan ɓoye miki ba, da aka juya ni gabana ya faɗi. A nan na gane cewa zagayen ma ibada ce a wurinsu. Na tsaya cik. Na dubi tsohuwar nan, leɓɓanta suna motsi, idonta a kan ɗanta, irin kallon da na sha gani a fuskar iyaye mata a Harami. Abin da take roƙa ban yarda da shi ba, kuma har in mutu ba zan yarda ba. Amma in na saki keken nan, su biyu ne za su tsaya a rana. Na ce a zuciyata, ya Allah ka san wanda nake bauta wa, mara lafiya nake turawa. Na kai shi har ƙofa, danginsu suka ɗauke shi suka shiga, ni kuma na sauka gindin wata bishiya na jira su. Har yau ina juya abin a raina. Na tambayi malamai biyu a nan, ɗaya ya ce in yi istigfari, ɗaya ya ce aiki da niyya yake. Istigfarin na yi, ina kuma yi. Amma in na ce miki na yi nadamar raka shi, na yi ƙarya.

Ke kika goya ni bayan rasuwar Inna, ke kika koya mini Fatiha kina ja mini kunne. Idan akwai wanda ya san abin da ke zuciyata a duniya, ke ce. Ban ce dole ki yarda na yi daidai ba. In laifi kika gani, ki yi mini faɗa son ranki, ki zage ni ma, na saba. Shirun ne ba zan iya ɗauka ba. Ranar Juma'a bayan sallar la'asar zan kira, don Allah ki ɗaga, ko da ba za ki ce komai ba sai in ji numfashinki.

Ki gaida Malam Badaru da kyau, da Hikima da maigidanta, da Bashira da jaririnta. Mastura da yara suna gaishe ku. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanenki, ko kin so ko kin ƙi,
Abdulwahid