Kwana Na Ashirin Da Biyu

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya sanyin bakin madatsar ruwa? Tarin nan ya sake ka kuwa? Mama tana gaishe ka.

Layi na biyu ya fito yau da hantsi. Kada ka tashi da murna, ba gwajin ciki ba ne. 'Yan tsinkayen nan ne da likita ta ba ni, waɗanda nake tsoma ɗaya a fitsari kullum tun ranar da ka koma.

Ta yi mini bayani da zane a bayan takardar magani. Wai a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka da ba ta fi ƙwayar wake ba. Ita ke sako wani sinadari cikin jini, ya gangara ya sanar da ƙwan haihuwa lokacin fita ya yi. Ragowarsa ce ke bayyana a fitsari, kamar kwana ɗaya kafin ƙwan ya fita. Mata da yawa suna ganin nasu wajen kwana na goma sha huɗu da fara al'ada. Nawa ya zo a na ashirin da biyu.

Ka duba da kanka, Injiniya. Shekara huɗu kana roƙon hutun kwana biyar bisa kalandar da nake yi wa jan biro a bangon kicin. Duk wata kakan zo ran na sha biyu, ka koma ran na sha bakwai. Na san watana yana da tsawo, amma littafi ya ce sha huɗu, ni kuwa ka san ni da littafi.

Ban yi kuka ba. Na tafi ɗakin gwaji aka ɗebi jinina. Mai ɗibar ta ce jijiyata ta fi mijinta iya ɓuya, sai a karo na uku ta samu. Na zauna a benci ina kallo ta gilashi, na'ura tana juya kwalbar har jinin ya rabu biyu, ja a ƙasa, ruwan ɗorawa a sama. Sai na ga kamar akwai wani ɗan ɗaki a cikin kaina, da fitila a kunne, wata mai haƙuri tana zaune tana aiko saƙo duk wata, ni kuma ina wanke zanen gadon da ka bari. Har yara na gani a ƙofarmu, sun yi layi da jakunkunan makaranta, kowa da goshinka. Sai da aka kira lambata sau biyu na ji.

Ka gaida abokan aiki. Kada ka miƙa takardar hutunka tukuna. Likita ta ce wata ɗaya bai isa hujja ba, kuma sakamakon jinin sai ran Alhamis.

Matarka,
Malama