Makullin Tsohon Soja

Litinin, 6 ga Rajab

Yaya ya ƙwace makullin Tsohon Soja daga hannuna. A gaban yaran gareji! Motar da ya sayo a gwanjon sojoji tana tari kamar mai asma, ni na yi jinyarta har ta miƙe, ni nake tuƙa ta, yau an ce in sauka.

Laifina? Za mu kai siminti ƙetaren busasshen kogi, na tsuguna ina rage wa tayoyi iska. Taya in ta yi laushi bajewa take a kan yashi kamar tafin raƙumi, in ta yi tauri kabarinta take haƙawa. Baba Mai Faci ya koya min. Sai ga Yaya a kaina: "Kai Auta, shaƙiyancin naka har ya kai kan abincinmu?" Na ce wallahi aiki nake. Ya ce haka na rantse ranar da tayar babur ɗin Kawu ta kwana ba iska.

Ƙarya ne, ranar ban rantse ba. Cewa na yi ban gani ba, kuma ido rufe na yi abin.

Talata, 7 ga Rajab

Ƙanin matarsa ya ba makullin. Dogo. Mutumin da tasi kaɗai ya taɓa ja!

Alhamis, 9 ga Rajab

Dogo ya sa an ɗura wa tayoyin iska har suna ƙara kamar ganga. Yana zagaya su, yana shuri, yana gyaɗa kai kamar likita. Na haɗiye fushi na ce masa yashin can ba kwalta ba ne. Ya nuna ni da yatsa yana dariya: "Ni ba za ka kama ni ba, ɗan ƙane."

Na je wurin Baba Mai Faci ko zai sa baki. Ashe ya riga ya sa. Su Yaya suka ce ni na haɗa baki da shi. Ya ce, "Ka ga har furfurata ka ja wa." Haushi ya hana ni cin abinci. Inna ta ce in yi haƙuri. Kowa haƙuri, haƙuri, ba wanda ya ce Yaya ya yi hankali.

Asabar, 11 ga Rajab

Motar ta kafe. Tsakiyar kogin, da lodin siminti, ga hadari yana haɗowa ta gabas.

Yaya da kansa ya zo ya ɗauke ni a babur. Duk hanya ina tsara baƙar maganar da zan yaɓa wa Dogo, har da wadda zan ajiye ta gobe. Muka tarar ya taka totur har motar ta zauna a kan cikinta, haƙoran tayoyin sun cushe da yashi, shi kuma yana fifita da hula.

Muka haƙa da shebur, muka shimfiɗa rassa. Na tsuguna zan rage iska, Yaya ya riƙe min hannu. Ba tsawa, ba zagi. "Auta, dubi idona. Wasa ne ko gaske?"

Da gaske yake tambaya. Bai sani ba. Uwarmu ɗaya, ɗaki ɗaya muka tashi, bai sani ba. Da mari ya yi min da ya fi sauƙi.

Na ce gaske ne. Ya sake ni. Amma makulli Dogo ya bar wa! Ni da ƙafa a gefe, ina ihu: ƙaramar giya, kar ka taka, bar ta ta rarrafa. Ta rarrafa ta fita, tayoyin sun baje kamar yadda na faɗa.

Da muka hau kan duwatsu na ce a tsaya a mayar da iska daga tankin iskar motar, don taya mai laushi dutse yanka mata gefe yake. Dogo ya leƙo: "Ɗazu rage, yanzu ƙara? Ka fara ko?" Yaya ya dube ni, ya dubi hadari, ya ce a tafi.

Ba mu yi nisa ba ta baya ta fashe. Sabuwa fil. Muka canza ta cikin yayyafi, siminti na ƙarƙashin tamfal. Baƙar maganar tawa ko ɗaya ban yi ba.

Lahadi, 12 ga Rajab

Ba na magana da kowa. Ba wanda ya lura ma, abin da ya ƙara min haushi ke nan.

Laraba, 15 ga Rajab

Da safe Yaya ya same ni a gareji. Ya ce gobe akwai lodi, yaya za a yi da iska? Na faɗa masa: a rage a bakin yashi, a mayar kafin duwatsu. Na jira ya ce in rantse. Bai ce ba. Ya wullo min makulli wai in ɗumama inji. Har yanzu bai nemi makullin ba, ni ma ban tuna masa ba. Kuma ban huce ba, kar wani ya ɗauka na huce.

Bayan azahar na kama wani ƙaton kwaɗo a bayan tanki. Ga takalmin Dogo a ƙofar masallaci, baki buɗe, daidai girmansa.

Na mayar da shi bayan tanki. Kwaɗon ne ya ba ni tausayi, warin ƙafar Dogo ba wasa ba.