Kaskon Gindin Famfo

3 ga Afrilu

Zuwa ga Maman yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa lafiya. Ya 'yarmu mai jego da jaririya? Allah ya raya mana ita. Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba ki taɓa barina na kai ƙarshen magana ba.

Shekara ashirin da uku ke nan ina roƙon ki bar ni in gyara famfon nan na gindin katanga, kina cewa ɗigon da yake yi na kaji ne. Ni da na ƙare ƙuruciyata a ɗakin gwajin ruwa, ina duba abin da gari guda zai sha, har aka sallame ni aka ɗora wanda ni na koya masa riƙe kwalba, a gidana kuma kaji na shan ruwa a fasasshen kasko mai gansakuka. A ofis ba a ji maganata ba, a gida ma haka.

To, jiya na ɗauki sifana na canja robar famfon. Ko ɗigo ɗaya babu. Kaskon na kife shi a bayan akurki. Na sayo mazubin roba ja mai murfi, na kafa shi a tsakiyar fili inda rana za ta kashe ƙwayoyin cuta, na kuma ɗiga maganin tace ruwa daidai awo. Kajinki bakwai suna nan kamar yadda kika damƙa mini su. Wake-wake, wadda kika ja mini kunne a kanta har sau uku a bakin mota, ta hau kwanci a kan ƙwai goma sha ɗaya. Za ki dawo ki tarar da 'yan tsaki masu shan ruwan da ko likita zai sha.

Ina cin abinci, kada ki damu. Ki gaida surukin namu.

Naki,
Malam Gwaji, kamar yadda kike kirana in kin so tsokana

11 ga Afrilu

Maman yara,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ƙafar taki? Kada ki biye wa aikin gidan mutane ki manta da maganinki.

Kajin nan naki ba su da godiya. Zakaran ya zo ya leƙa mazubin da ido ɗaya, ya leƙa da ɗayan, ya juya ya tafi kamar wani babban darakta da aka kawo wa takardar da ba ta gamshe shi ba. Sauran suka bi shi. Kullum da hantsi sai su taru a gindin famfo suna tonon busasshiyar ƙasa, suna ɗaga kai suna kallon bakinsa. Na ce yunwa ke koya wa yaro cin abin da ya raina, ƙishirwa ma za ta koya musu.

Shekaranjiya maƙwabciyarmu mai ɗinki ta leƙo ta katanga, ta ce wai ko in fara biyan ta kuɗin makaranta, tunda kajina sun koma gidanta ɗaukar darasi. Ashe ta kafar magudanar ruwa suke zurarawa, su sha a inda take zubar da ruwan randarta. Ta ƙara da cewa Malam mai digiri, kaza ba ta karanta takardar shaida. Na yi dariya don kada ta ga ta ci riba, amma abin ya tsaya mini.

Duk da haka zaman yana mini daɗi fiye da yadda na zata. Nakan fito da kujera in zauna a inuwa in yi ta kallonsu. Kin san kaza ba ta iya haɗiye ruwa sai ta ɗaga kai sama? Shekara nawa muna tare da su ban taɓa lura ba. Wake-wake na nan a kan ƙwanta, ba ta ko motsi. Ita kaɗai ce mai natsuwa a cikinsu.

A shafa mini kan jaririya.

Naki,
Baban yara

17 ga Afrilu

Maman yara,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan baki ɗaya. Ki karanta wannan a zaune, kuma ki kai ƙarshe kafin ki ɗauki waya.

Ranar Talata da azahar na tsoma yatsa a mazubin nan don in ga ko ruwan ya ragu. Sai da na janye hannu. Ruwan ya yi zafin da za a iya haɗa shayi da shi, ga warin magani da na roba. Na ɗauko tsohon ma'aunin zafina na auna, na je na roƙi mai ɗinki na auna na gindin randarta. Ba sai na faɗa miki lambobin ba. Na auna abin da ke cikin ruwa tsawon shekara talatin, ban taɓa tambayar ko mai sha zai iya kai bakinsa ba.

Na tono kaskonki na wanke shi sama-sama, na mayar da shi gurbinsa a inuwar katanga. Sannan na sassauta famfon da hannuna har ya koma ɗigo. Kafin in miƙe tsaye kaji shida sun kewaye ni, zakaran har yana taka mini ƙafa. Kaskon yana tsatsafar da ruwa ta jikinsa, shi ya sa yake sanyi, ɗigon kuma yana motsa shi suna gani. Na tabbata kin san wannan tun ina zuwa ofis da taye a wuya. Yanzu ɗigon nan ko kaɗan ba ya damuna. Jiya ma a gefensa na yi gyangyaɗin rana.

Saura abin da nake ta kewaye-kewaye a kansa. Mai ɗinki ce ta fahimtar da ni cewa kaza mai kwanci sau ɗaya take sauka a yini, ta ruga inda ta saba ta sha, ta koma kafin ƙwai su huce. Ba ta nisa. Sauran sun bi magudana sun tsira, Wake-wake kuwa kullum tana zuwa gindin famfo ta tarar da shi a bushe, ta koma ta kwanta. Ina zaune a kujera ina kallonta, ina yaba natsuwarta. Da na kai mata ruwa a murfin kwano, ta tsoma baki sau biyu, ba ta iya ɗaga kan ba.

Ki gaida mai jego, ki ce mata ina nan tafe ƙarshen wata idan kin yarda in zo. Sauran shidan lafiyarsu ƙalau, biyu ma sun koma yin ƙwai.

Wake-wake ta mutu ranar Laraba da safe, saura kwana biyar ta ƙyanƙyashe. Ƙwai goma sha ɗayan ma sun huce, ba wanda ya yi.

Naki,
Baban yara