Tamal ɗin Baba Ya Ƙi Dahuwa

Zuwa ga Yaya Crescencio,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Amparo da 'yarmu Citlali. Yaya sanyin Chicago? Mu nan Cuetzalan sai ruwan sama kamar kullum.

Wasiƙarka ta iso. An binne Baba babu kai, na daina ɗaukar wayarka, shi ne ka ɓullo ta takarda, wai malamar Citlali tana son sanin asalin kalmar tamal. To, ka gaya mata daga harshen Kaka ne, Nahuatl. Tamalli suke cewa, wato abin da aka ƙunshe: ƙullin masara a cikin ɓawonta, a turara. Kai ma ka sani kafin Turanci ya cika maka baki.

Jibi Ranar Mamata, ranar da waɗanda suka rasu ke ziyartar gida a ajiye musu abinci, zan yi wa Baba nasa tamal ɗin. Kada ka ɗauka na huce.

Ƙanwarka,
Eufrosina

Yayana Crescencio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Ka shafa mini kan Citlali.

Tamal ɗin Baba ya ƙi dahuwa. Tun safe tukunya ke kan wuta, na ƙara itace, na ƙara ruwa, duk wanda na buɗe ƙulli ne caɓa-caɓa. Hankalina ya tashi, don sau ɗaya a shekara Baba zai leƙo gida, kuma wannan ne zuwansa na farko. Ya tarar da hotonsa da furanni, babu abinci?

Gwaggo Tiburcia ta leƙa tukunya, ta harare ni. "Ke, uwar 'yan fushi, har da ɓacin ranki kika ƙunshe a ciki. Tamal ba ya dahuwa a hannun mai fushi. Tashi ki yi wa tukunya rawa!" Na tashi, ƙatuwar mace da ni, ina zagaye murhu tana tafa mini. Muka buɗe, yana nan jiya-i-yau. Ta ce, "Ƙafarki ce ta yi rawa, 'yar nan, ba ke ba."

Na fita bayan gida na zauna. Na san ba ka da takardun zama a can. Na san da ka tsallako iyaka, ba za ka iya komawa ba, Citlali ma ta rasa nata uban. Baba da bakinsa ya ce kada a kira ka. Duk na sani, amma ni kaɗai na riƙe hannunsa, kuma na so a ce kana gefena. Can na gane ba don malama kaɗai ka rubuto ba, ƙofata kake ƙwanƙwasawa. Na yi kukan da ban yi ba ranar binnewa.

Da na dawo, Gwaggo ta miƙo mini ɗaya, ɓawon ya saki ƙullin salin-alin, ya dahu. Baba ya samu abincinsa da zafinsa.

Ka kira ni ranar Lahadi, Yaya. Zan ɗauka.

Taka har kullum,
Eufrosina