Askin Kurangar Baba

Umm Salal, Doha, 19 ga Janairu

Yaya Nasidi,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka sauka Zariya lafiya, ka tarar da Anti Wasilatu da yara ƙalau. Gaisuwar ke nan, sauran faɗa ne.

Na ƙi ɗaukar wayarka ne don na san in na ji muryarka zan huce, ni kuma ban shirya hucewa ba. Kwana tara ka yi a gidana kana cin tuwona. Ranar tafiyarka, ina aji ina koyarwa, ka ɗauki almakashi ka yi wa kurangar inabina aski tal-kwabo! Na dawo na tarar da sanduna uku tsirara, ruwa na ɗiga daga bakin yankan. Maigidana Saifuddeen ya ce yana kallonka ta taga, wai ya ɗauka ka san abin da kake yi. Shi ma nasa hukuncin yana tafe.

Ka san daga reshen kurangar Baba ta fito. Shekara biyar ina kare ta daga zafin garin nan da ke narka takalmi. Ba ta taɓa 'ya'ya ba, na yarda, amma ganyenta ya rufe min rabin tsakar gida. Duk tarihin da na karanta ban ga wanda ya ci gari da yaƙi ya yi ɓarna cikin natsuwa irin taka ba. In ta mutu, khalas, shi ke nan, ka nemi wata ƙanwar.

Taka cikin fushi,
Safiyyatu

Zariya, 27 ga Janairu

Farfesa Safiya,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Antinki na gaishe ki, ta kuma ce kin yi min kaɗan.

Kina makarantar kwana duk lokacin da Baba ke wannan aiki, shi ya sa inuwar kawai kika sani. Malam Anjalo, mutumin Italiyan nan da ya zo aikin gada ya ƙi komawa, shi ya koya masa. Daga gonar kakansa ya taho da rassan a cikin jiƙaƙƙen buhu. Ya ce a garinsu kowane gida da 'yar gonarsa, kuma uba ke riƙe wa ɗa hannu a yankan farko, don ba wanda ke iya yi da son ransa. Ido biyu, wato wurin da toho ke fitowa, ake bari a kowane reshe. Wadda ba a aske ba, ganye take yi.

Yanzu abin da na ɓoye miki. Kurangar gida ta mutu tun daminar bara. Bayan rasuwar Baba na kasa sa mata almakashi, shekara huɗu. Ta yi nauyi, rumfar ta rufta cikin ruwan sama, gindin ya tsage. Taki ce kaɗai ta rage. Da na gan ta ta kama hanyar waccan, ban iya tsayawa neman izini ba. Rassa goma sha biyu na taho da su, na dasa a gurbin tsohuwar.

Ki yafe min. Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Nasidi

Umm Salal, 3 ga Fabrairu

Yaya,

Salamu alaikum. Wato kwana tara ina tambayarka kurangar gida kana ce min "tana nan". Tana nan a lahira! Ka zauna da wannan kai kaɗai, kamar ba ka da 'yar'uwa. Wannan ya fi askin yi min ciwo.

Sandunan har yau shiru. Kullum da safe sai na duba su kafin in duba madubi. Naka fa?

Safiyyatu

Umm Salal, 6 ga Maris

Yayana,

Salamu alaikum. Ta yi toho. Shida, kuma biyu na ɗauke da wasu 'yan ƙulle-ƙulle kore da ban taɓa gani a jikinta ba. Anti ta ce a naka ɗaya ne ya kama. Ɗaya ya isa.

Baɗi ni zan yanka da kaina. Ka nemi biza tun yanzu, ka zo ka tsaya a bayana, in na fara kuka kada ka saurare ni.

Ƙanwarka,
Safiya